Inuwar Doki a Ƙasar Gobir da Katsinar Maraɗi

Duk wanda ya kalli hawan sarki ranar salla, hankalinsa kan tafi ga alkyabba da jalala da kwalliyar sirdi. Ba kowa ke tuna inda dokin ya kwana ba, alhali magabatan wannan ƙasa sun ɗauki zaɓen makwancin doki a matsayin sha'anin mulki.

Bayan faɗuwar Alkalawa a 1808, da zaman da Katsinawa suka yi a Maraɗi ƙarƙashin Ɗan Kasawa wajen 1819, doki ya zama garkuwar waɗannan masarautu. A yaƙin Gawakuke na 1836 Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsinar Maraɗi Rauda suka rasu. Daga nan Sarkin Gobir Mayaƙi ya kafa Tsibiri a bakin Gulbin Maraɗi, cikin ƙasar da ake kira gundumar Gidan Rumji a yau. Ta gabas kuma, Gazawa ta kasance gari na bakin daga. A watan Janairu na 1851 matafiyin nan na Jamus, Heinrich Barth, ya ratsa ta kan hanyarsa daga Tasawa zuwa Katsina, ya tarar da ita kewaye da shinge da gwalalo saboda hare-hare. A irin wannan zamani, garin da dawakinsa suka rame da damina ba shi da abin kare kansa idan kaka ta yi, hanyoyi suka bushe, mahara suka fito.

Saboda haka shamaki da ƴan barga suka riƙe ƙa'idoji waɗanda har gobe masu dawaki na bin su. Ta farko ita ce wuri. Fadama tana da ciyawa da ruwa, amma laimarta na ɓata kofato, ga sauro da ƙudaje masu cizo da ke kawo cuta da damina. Don haka akan yanko ciyawa a gulbi, a kafa turke a kan tudu mai jigawa, inda rairayi ke shanye ruwa da fitsari. Da magariba akan hura wuta a yi hayaƙi don korar ƙwari.

Ta biyu ita ce fuska. Hadari a wannan ƙasa daga gabas yake tasowa, iskar hunturu kuma daga arewa maso gabas. Shi ya sa akan kare waɗannan ɓangarori da zana, a bar yamma a buɗe domin iska ta ratsa, doki kuma ya riƙa ganin ƴan'uwansa, tun da dabba ce da ba ta son kaɗaici.

Ta uku ita ce kayan gini. Dirkoki na ƙirya aka fi so, domin gara ba ta saurin cin ta. Rufi na karan gero ne da ciyawa, ɗauri kuma da igiyar kaba, wadda ƙasar Agiye da Gazawa suka wadata da ita albarkacin goribar Gulbin Kaba. Akan ɗaga rumfar sosai don kada doki ya bugi kansa, a jibge harawa a samanta, ta zama inuwa kuma ta zama rumbu. A daji kuwa, gindin gawo shi ne masaukin rani, domin yana da ganye lokacin da sauran itatuwa suka kaɗe, amma da damina yakan zubar da nasa, sai a koma ƙarƙashin tsamiya.

Da Turawan Faransa suka kafa mulki a farkon ƙarni na 20, yaƙi ya ƙare, doki ya koma na rangadi da karɓar haraji da hawan salla. Ambaliyar da ta ci tsohon garin Maraɗi a 1945, har aka tayar da shi zuwa tudu, ta gaskata hikimar magabata game da kwari. Farin 1973 da na 1984 kuwa sun rage dawaki da ciyawa da itatuwan inuwa baki ɗaya. Daga baya manoma, musamman na ƙasar Agiye, suka rungumi renon tohon itatuwa a gonakinsu, gawo ya sake yawaita.

A yau mota da babur sun karɓe tafiya, kwano ya shiga wasu bargogi, ko da yake masana doki sun san rumfar kara ta fi sanyi a watan Afrilu. Ya dace a tuna da ƴan barga da zagage da masu yankan ciyawa, waɗanda ba a rubuta sunayensu a jerin sarakuna ba, amma da guminsu sarauta ta hau doki. Wajibi ne ga magada su kiyaye barga da itatuwanta, su koya wa yara wannan sani tun dattawan da suka riƙe shi suna raye.

Allah ya jiƙan magabata, ya ja zamanin Sarki, ya zaunar da ƙasa lafiya. Amin.