Daidaita Sinadaran Amino Asid a Abincin 'Yan Tsakin Kajin Nama

Amino asid su ne ƙananan sinadaran da furotin ya ƙunsa, kuma da su jikin ɗan tsako yake gina tsoka da gashi. A makonnin farko ana so furotin ya kai kashi 22 zuwa 23 cikin 100 na abincin, amma yawansa kaɗai ba ya wadatarwa. Idan ɗaya daga cikin sinadaran ya gaza, girma sai ya ja baya, ragowar kuma su tafi a banza.

A haɗin masara da waken suya, metiyonin ne ke fara ƙaranci, sai laisin, sai tireyonin. Shi ya sa ake ƙara garinsu na masana'anta.

A Batsari da Safana, yammacin Jihar Katsina, abin da ke hannu shi ne masara, dawa, gero da tunkuzar gyaɗa. Hatsin nan duk ba su da isasshen laisin, tunkuza ma haka, ga haɗarin gubar aflatoksin idan ta yi fumfuna. Rogon da aka san Batsari da shi kuwa furotinsa kaɗan ne ƙwarai. Waken suya ne ke cike giɓin laisin, amma dole a soya shi tukuna, domin ɗanyensa yana hana narkewar furotin a cikin ɗan tsako.