Yadda ake ɗaukar hoton ruwa mai gudu da tsakar rana a Matan Fada

Akwai wani nau'in hoto da ake ganin ruwa a cikinsa ya yi sumul kamar an shimfiɗa alharini, alhali gaɓar kogi da bishiyoyi sun fito rangaɗau. Ana samunsa ne ta hanyar jinkirta rufewar ƙyauren kyamara, wato ɗan murfin da ke buɗewa haske ya shiga sannan ya rufe, wanda masu sana'ar ke kira shota. Idan ya jima a buɗe, duk abin da ke motsi sai ya shafe, abin da ke tsaye kuma ya fito daram.

Wannan dabara ba ta da wuya da asuba ko da almuru. Wahalarta tana bayyana ne da tsakar rana, kuma a Najeriya da wuya a sami wurin da ke jarraba mai hoto kamar Argungu a Jihar Kebbi. Bikin kamun kifi na garin, wanda ya samo asali a 1934 lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, kuma Hukumar UNESCO ta sanya shi cikin al'adun gado na duniya a 2016, yakan faɗo ne cikin rani, wajen Fabrairu ko Maris. Dubban masunta kan auka cikin kogin Matan Fada da homa da gora a ƙarƙashin rana mai ƙuna, kuma gasar ba ta daɗewa. Wanda hotonsa ya ƙone ya koma fari fat, sai ya jira wani bikin.

Tushen matsalar lissafi ne. Ƙa'idar da masu hoto suka daɗe suna aiki da ita ta ce a rana tsaka, idan aka sa ƙarfin jin haske a ISO 100, aka ƙuntata kafar haske zuwa f/16, ƙyauren zai buƙaci kimanin 1/125 na daƙiƙa. Ruwa kuwa ba ya yin laushin da ake nema sai an kai rubu'in daƙiƙa zuwa daƙiƙa guda. Duk lokacin da aka ninka tsawon buɗewar, hasken da ke shiga ya ninku. Daga 1/125 zuwa rabin daƙiƙa ninki shida ne, wato haske ya ƙaru sau 64. Wasu kan matse kafar zuwa f/22, amma mataki ɗaya kacal suke samu, kuma kaifin hoton yana raguwa.

Magani shi ne filta mai duhu da ake ɗaurawa a bakin gilashin kyamara, wadda ake kira ND. Aikinta rage haske ba tare da sauya launi ba. ND8 tana rage mataki uku, ND64 shida, ND1000 kuma goma. A lissafin da ya gabata, ND64 za ta kai mai hoto rabin daƙiƙa, ND1000 kuma kimanin daƙiƙa 8. Akwai kuma filtar folaraiza, wadda ke rage mataki ɗaya zuwa biyu, tana kuma kashe ƙyallin rana a saman ruwa. Dole kyamara ta zauna a kan ƙafa-uku, a saita nisa kafin a ɗaura filta mai duhu sosai, sannan a yi amfani da agogon jinkiri na daƙiƙa 2 don kada yatsa ya girgiza ta.

Sai dai abin da littattafan koyon hoto suka fi kwatantawa shi ne ruwan da ke zubowa daga kan dutse, kuma kwarin Rima ba haka yake ba. Gulbin yana tafiya ne a natse cikin fadama, daga Argungu ya gangara ta kusa da Birnin Kebbi, ruwansa ja-ja, babu kumfa. A irin wannan ruwa rabin daƙiƙa ba ya nuna komai. Sai an kai daƙiƙa biyar zuwa goma kafin samansa ya daidaita kamar madubi, ciyawar da yake ɗauke da ita ta zama zare-zare. Hoton yakan fi armashi idan akwai abu tsayayye a cikinsa, kamar kwale-kwalen da aka ja kan gaɓa ko ginshiƙin gada.

Ranar gasa lissafin ya juya. Daƙiƙa 8 za ta narkar da masunta su zama hayaƙi, ba a gane mutum ba a gane gora. Abin da ya fi dacewa shi ne 1/15 zuwa 1/30, inda fantsamar ruwa ke jan layi amma siffar mutum ba ta ɓace ba, kuma ND8 ta wadatar. A tseren kwale-kwale ana bin jirgin da kyamara daidai da gudunsa, sai matuƙa su fito, gaɓa ta shafe. Ko ƙwararru sukan zubar da mafi yawan irin waɗannan hotuna, don haka mai aikin jarida ya fara tabbatar da hotonsa na labari a 1/1000 kafin ya shiga gwaji.

Ƙurar hunturu ma abar lura ce: a f/16 duk ƙwayar da ta kwanta a kan sensa za ta fito ɗigo-ɗigo a sararin sama, shi ya sa ba a sauya gilashi a bakin kogi.

Masu waya ba su da ikon matse kafar haske, domin a mafi yawan wayoyi girmanta ɗaya ne. Tun 2017 iPhone ke iya haɗa hotunan Live Photos su ba da kamannin doguwar buɗewa, wasu wayoyin Android ma suna da makamancin haka. Haɗin hotuna da yawa ne manhaja ke yi, ba ɗauka guda ba, don haka wanda zai aika wa jarida irinsa ya kamata ya sanar da edita.