Injin mota mai siffar V: Hanyoyin ƙara masa ƙarfi da kuɗi kaɗan a ƙasar Yawuri

Injin mai siffar V shi ne wanda aka jera silindodinsa sahu biyu, kowane sahu ya karkata gefe guda, suka haɗu a ƙasa a kan sanda ɗaya mai juyawa. Lambar da ke bin harafin ita ce adadin silindodin, wato V6 na da shida, V8 kuma takwas. Amfanin wannan tsari shi ne a sami injin gajere mai silinda da yawa, wanda zai shiga gaban mota ba tare da an tsawaita ta ba.

A ƙasar Yawuri, wadda babbar hanyar Legas zuwa Sakkwato ta ratsa bayan ta baro Kwantagora ta nufi Koko da Jega, ƙarfin inji batu ne na neman abinci. Motar da ke ɗaukar fasinja da buhunan albasa ko kwandunan busasshen kifi daga Yelwa, ko take shiga ƙauyukan Ngaski da Shanga, idan ta rasa ƙarfi sai ta yawaita shan mai, ta jinkirta tafiya, kuma wuce tirela ya zame mata haɗari. Tun da aka janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kowace lita da inji ya ɓarnatar daga ribar mai mota take fita.

Asalinsa

A shekarar 1889 Gottlieb Daimler da Wilhelm Maybach suka ƙera injin V mai silinda biyu a Jamus. Kamfanin Cadillac na Amurka ya fara sayar da mota mai V8 a 1914, sannan Ford ya kawo V8 mai araha ga talakawa a 1932. Shi kuwa V6, kamfanin Lancia na Italiya ne ya fara sanya shi a motar kasuwa, wato Aurelia, a 1950. Kusurwar da ta fi dacewa da V6 ita ce digiri 60, ta V8 kuma digiri 90, domin a nan ne inji ke rage karkarwa. Volkswagen ya fito da wani nau'i mai suna VR6 a 1991, wanda kusurwarsa digiri 15 ce kacal, kuma akwai shi a wasu motocin Golf da Sharan.

Injinan da aka fi gani

Yawancin V6 da ke yawo a hanyoyin Arewa na Toyota ne, a cikin Sienna da Camry da Highlander da Lexus RX, sai na Honda Accord. Sienna ta farko, daga 1998 zuwa 2003, tana da 1MZ-FE mai lita 3.0, wanda ya fara da ƙarfin doki 194, ya kai 210 a 2001 bayan an sa masa tsarin VVT-i mai sauya lokacin buɗewar bawul. Ta 2004 zuwa 2006 tana da 3MZ-FE mai lita 3.3. Daga 2007 aka koma 2GR-FE mai lita 3.5 da ƙarfin doki 266. Biyun farko da bel suke juya bawul, kuma ana sauya bel ɗin bayan kimanin kilomita 145,000, na ukun kuwa sarƙa gare shi.

Waɗannan alƙaluma na sabuwar mota ne. Wadda ta yi shekara ashirin tana aiki, aka shigo da ita ta Kwatano ko Legas, da wuya a same ta da cikakken ƙarfinta. Saboda haka ƙarfi mafi araha shi ne wanda inji ya zo da shi daga masana'anta ya zubar a hanya, kuma da maido da shi ake fara aiki.

Inda ƙarfi ke fitowa

Inji na samun ƙarfi ne daga ƙona cakuɗen iska da fetur, kimanin awo 14.7 na iska ga awo ɗaya na mai idan aka auna da nauyi. Ƙara mai ba tare da ƙara iska ba hayaƙi kawai yake haifarwa. Abubuwa huɗu ne ke yanke hukunci: yawan iskar da ta shiga, daidaiton man da aka fesa, lokacin da filogi ya ba da wuta, da sauƙin fitar hayaƙi.

Yanayin Yawuri na da nasa tasiri a nan. Tafkin Kainji, wanda ya samu bayan kammala madatsar ruwa a 1968, bai wuce kimanin mita 140 sama da teku ba, don haka motocin yankin ba su fama da ƙarancin iska irin na tsaunin Jos. Matsalarsu zafi ce da ƙura. A watannin Maris da Afrilu zafi kan haura digiri 40, kuma iska mai digiri 42 ta fi mai digiri 25 rashin kauri da kusan kashi 5 cikin 100. Da hunturu kuma ƙura kan toshe matatar iska tun lokacin sauya ta bai yi ba.

Matakai masu araha

Mataki na farko shi ne bincike da kwamfuta. Duk motar da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 1996 tana da mahaɗin OBD-II a ƙarƙashin sitiyari. Lambar P0171 na nufin sahu na ɗaya na samun iska fiye da mai, P0174 na nufin haka a sahu na biyu, P0300 kuma na nuna silindodi na fashin wuta. A injin V sanin sahun da ke da matsala na rage rabin wahala da rabin kuɗi. Bayan haka sai a auna matsin kowace silinda. Idan wata ta gaza sauran da fiye da kashi 10 zuwa 15 cikin 100, to ringi ko bawul ya ci, kuma babu wani kayan ƙari da zai rufe wannan giɓi.

Na biyu shi ne filogi. A V6 na Toyota da aka ɗora a gicciye, silindodi uku na fuskantar lagireto, uku kuma na ɓoye a baya, ƙarƙashin bututun shigar iska. Saboda wahalar kaiwa gare su, akan sauya na gaba a bar na baya, inji ya zama rabi sabo rabi tsoho. Wajibi ne mai mota ya tabbatar an sauya duka shida, iri ɗaya, na asali, tare da duba kwil ɗin kowanne.

Na uku shi ne hanyar iska da mai. A sauya matatar iska idan ta toshe, a wanke na'urar auna iska da ke bayanta da ruwan da aka yi dominta, a wanke maƙogwaron inji da nozul, a kuma duba ko akwai tiyon da ya tsage yana satar iska. Famfon mai da ya gaji kan sa mota ta shaƙe a hawa ko lokacin wuce wata motar.

Na huɗu su ne na'urori biyu masu sauraren ƙarar bugu, waɗanda ke kwance a kwarin da ke tsakanin sahun biyu. Idan suka lalace, ko wayarsu ta ƙone, kwamfutar mota kan jinkirta wuta don kare inji, ƙarfi ya faɗi warwas. Lambobinsu su ne P0325 da P0330. Gurɓataccen fetur ma kan jawo wannan jinkiri, kuma abin da ya faru a Fabrairun 2022, lokacin da aka shigo Najeriya da fetur mai yawan sinadarin metanol, ya nuna yadda mummunan mai ke illata inji. Man bumburutu da ya daɗe a jarka cikin rana ba abin dogaro ba ne.

Na biyar shi ne baƙin mai. Toyota ta rubuta wa 1MZ-FE da 3MZ-FE mai lamba 5W-30. Tsarin VVT-i da matsin mai yake aiki ta wasu ƙananan kafofi, kuma 1MZ-FE ya yi suna wajen tara dasƙararren mai idan aka jinkirta juye. Idan kafofin suka toshe, ƙarfin da tsarin ke bayarwa ya tafi. Ana haɗa wannan da duba man giya, da iskar taya, da birkin da ke kamawa, domin duk suna cinye ƙarfi kafin ya kai ƙasa.

Gyaran da ke jawo asara

Akwai al'adar cire bawul ɗin da ke daidaita zafin ruwa, a haɗa fanka kai tsaye. Wannan na hana inji kaiwa zafin aikinsa da wuri, sai kwamfuta ta ci gaba da zuba mai kamar yanzu aka tayar da shi. Maganin zafi shi ne tsabtace lagireto da gyara famfon ruwa.

Haka nan fasa matatar hayaƙi, wadda kanikawa ke kira indomi. Idan ta toshe, lalle tana danne inji, kuma sauya ta ya zama dole. Amma fasa lafiyayya ba ya ƙara wani ƙarfin kirki, sai dai ya kunna fitilar gargaɗi ya kuma saki guba a tasha da kasuwa. Salansa mai ƙara kuwa amo take ƙarawa. Buɗaɗɗiyar matatar iska da ake ɗaurawa a cikin bonet tana zuƙar iska mai zafi da ƙurar hunturu, wadda ke cinye ringi. Araha ba ta ado.

Gyara mai tsada

Sauya lissafin kwamfutar mota na ƙara ƙarfi sosai a injin da ke da tabo, amma a waɗannan injinan ƙarin ɗan kaɗan ne, kuma yana bukatar fetur mai inganci a kullum. Ɗaura tabo ko wata na'urar cusa iska a injin da matsinsa ya kai 10.5 ko 10.8 bisa ɗaya na bukatar manyan nozul, da sabon lissafi, da giya mai jurewa, kuɗin kuma kan zarce na wani injin. Idan inji ya gaji ƙwarai, ya fi sauƙi a sayi ɗan Beljiyam irinsa a Ƙofar Ruwa ta Kano, ko Fanteka ta Kaduna, ko Ladipo ta Legas, bayan an auna matsinsa. Ɗora 2GR-FE a gurbin 1MZ-FE kuwa na nufin sauya kwamfuta da wayoyi da giya gaba ɗaya.

Doka da rayuka

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta ƙayyade wa motocin haya kilomita 80 a awa a babbar hanya, da 90 a tagwayen hanyoyi, kuma tun Fabrairun 2017 ta fara tilasta musu sanya na'urar taƙaita gudu. Don haka amfanin ƙarin ƙarfi a hanyar Yawuri shi ne jan kaya ba tare da wahala ba, da gama wuce babbar mota cikin ɗan lokaci. Nisan da mota ke ci kafin ta tsaya yana ninkuwa huɗu idan gudu ya ninku biyu, shi ya sa duk kuɗin da aka ware wa inji ya kamata a fara cire na birki da taya daga cikinsa.