Yadda ƙwayoyin fata ke warkar da rauni da rage tabo

Da zarar ka ji rauni, jini yakan daskare cikin 'yan mintuna ya toshe bakin ciwon. Daga nan fararen ƙwayoyin jini su shiga share datti da ƙwayoyin cuta, shi ya sa wurin yake ɗan kumbura a kwanakin farko.

Ƙwayoyin da ke gyaran

Keratinosait su ne ƙwayoyin saman fata. Sukan rarrafo daga gefen raunin har su haɗe su rufe shi, kuma sun fi sauri idan wurin bai bushe ba.

Faibroblas kuwa suna can ƙasan fata, suna saƙa zaren kolajin da ke cike ramin. Wannan zaren ne ke zama tabo. Jiki yakan ci gaba da gyara shi har shekara 1 ko fiye, amma ƙarfinsa ba ya wuce kusan kashi 80 cikin 100 na lafiyayyar fata.

Yadda za ka rage tabo

Wanke raunin da ruwa mai tsafta, ka shafa Vaseline, ka rufe da bandeji. Kada ka ɓare ɓawon da ya kama, kada kuma ka zuba toka ko ƙasa. Shan taba da hauhawar sukari suna jinkirta warkewa.

Idan kolajin ya yi yawa, tabo yakan kumburo ya zarce iyakar raunin. Wannan shi ne kiloid, kuma an fi samunsa ga masu baƙar fata. In ka taɓa yinsa, sanar da likita kafin tiyata ko huda kunne.

Garzaya asibiti idan raunin yana da zurfi, ko ka ga mugunya, wari, ko zazzaɓi.