Gado Ɗaya a Ɗakin Mutum Takwas: Waiwaye Kan Masaukin Araha

A wurinmu, da an ce hostal, hankali sai ya tafi ɗakin kwanan ɗalibai: gadon ƙarfe mai hawa biyu, bokiti a ƙarƙashi, igiyar shanya ta ratsa ɗaki. A biranen Turai da Asiya kuwa, kalmar ta fi nufin masaukin matafiya inda gado ake kamawa maimakon ɗaki. Ka biya kuɗin gadonka, a haɗa ka da mutum biyar ko bakwai da ba ka taɓa gani ba, banɗaki ɗaya, kicin ɗaya, kuɗin kuma bai kai na otal ba ko kusa. Kamannin da ke tsakanin ma'anonin biyu yana da asali, domin wannan masauki a makaranta aka haife shi, kuma malami ne ya yi masa wankan jego.

Sunan malamin Richard Schirrmann, Bajamushe, haifaffen 1874. Ya koyar a yankin Ruhr, cibiyar kwal da ƙarfe ta Jamus, inda 'ya'yan leburori ke tashi cikin hayaƙin masana'antu, wasu ba su taɓa kwana a wajen unguwarsu ba. Shi kuwa ya yi imani da cewa tafiya mabuɗin ilimi ce, sai ya riƙa kwasar ɗalibansa yana fita da su daji a ƙafa. A 1903 ya koma garin Altena, ya ci gaba da halinsa. Matsalar kullum guda ce: in dare ya yi, ina za a kwantar da yaran da iyayensu ba su da kuɗin otal?

Ranar 26 ga Agustan 1909, suna cikin tafiyar kwana takwas daga Altena zuwa Aachen, hadari ya rutsa da su a kwarin Bröl. Suka nemi mafaka wurin wani manomi, ya hana su ɗakin ciyawarsa. Daga ƙarshe aka buɗe musu makarantar ƙauyen, wadda ke rufe saboda hutu. Aka ture bencina gefe, aka baza busasshiyar ciyawa a ƙasa, yara suka yi barcin gajiya. Malam bai runtsa ba. Yana kwance yana jin ruwa kamar da bakin ƙwarya, sai lissafi ya zo masa: kusan kowane ƙauye a Jamus yana da makaranta, kowace makaranta kuma fanko take lokacin hutu. In aka samu guda a ƙarshen tafiyar kowane yini, ai yaron talaka zai iya ratsa ƙasar da ɗan guzirinsa. A 1910 ya rubuta shawarar ya wallafa: aji biyu sun isa, ɗaya na maza, ɗaya na mata, da buhunan ciyawa a madadin katifa. A 1912 aka ba shi ɗakuna a tsohuwar fadar da ke kan tudun Altena, nan ne masaukin matasa na dindindin na farko a duniya.

Yaƙin duniya na farko ya tsayar da aikin, ya kuma sauya tunanin mai shi. Schirrmann ya yi soja a fagen daga na Faransa, ya kuma ga yadda a Kirsimetin 1915 sojojin ɓangarorin biyu suka ajiye bindiga na ɗan lokaci, suna musayar burodi da taba. Ya dawo da yaƙinin cewa matasan da suka kwana ɗaki ɗaya suka ci a kwano ɗaya, da wuya a zuga su su kashe juna. Tare da abokinsa Wilhelm Münker, mai masana'anta da ya iya riƙon kuɗi da tsari, suka kafa ƙungiyar masaukan matasa ta Jamus a 1919. Zuwa 1932 masaukan sun haura 2,000 a ƙasar kaɗai. Ingila ta kafa tata ƙungiyar a 1930, Amurka ta buɗe masaukinta na farko a Northfield a 1934, a 1932 kuma aka haɗu a Amsterdam aka kafa tarayyar ƙasa da ƙasa, wadda yau ake kira Hostelling International. Burin malamin na zaman lafiya bai hana komai ba: 'yan Nazi sun ƙwace masaukan Jamus sun miƙa wa ƙungiyar matasan Hitila, shi kansa aka tilasta masa sauka daga shugabancin tarayyar a 1936. Bayan yaƙi na biyu ya sake sa hannu aka farfaɗo da aikin, ya rasu a 1961.

Mai karatu Bahaushe ba zai ji abin baƙo ƙwarai ba. Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro sun san zango, sun san maigidan da ke saukar da baƙo a Kumasi ko a unguwar Sabo ta Ibadan, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa dillali. Sai dai maigidan zango a la'adar ciniki yake mayar da ɗawainiyarsa. Masaukin Schirrmann ba ciniki a cikinsa, don haka dole araharsa ta fito daga wani wuri, ta kuwa fito ne daga jikin baƙon kansa.

A duba yadda kwana ɗaya yake a masaukin Ingila a shekarun 1930. Kuɗin kwana sule ɗaya. Ƙofa ba ta buɗuwa sai da yamma, kuma a ƙafa ko a keke ake son ka iso, mai mota ba shi da gado. Ka miƙa katinka na ɗan ƙungiya ga mai kula da gidan, wanda Jamusawa ke kira uban masauki, ya riƙe. Ka zo da zanen gadonka ɗinkakke kamar buhu, ka shige ciki don kada ka ɓata bargo. Ka dafa abincinka da kanka. Giya ba ta shigowa, maza da mata kowa da ɗakinsa, ƙarfe goma ko jim kaɗan bayan haka a kashe fitila. Da safe kafin a mayar maka da kati, sai an ba ka aikinka: shara, ko wankin tukwane, ko ferar dankali, ko faskare. In ka gama, a buga wa katin hatimin gidan, ka kama hanya, a kulle ƙofa sai yamma. Babu ma'aikata da za a biya, domin baƙi ne ma'aikatan.

Shirin tafiya ma a lokacin bai da wuya. Ƙungiya na buga ɗan littafi duk shekara, da sunan kowane masauki da yawan gadajensa da nisansa daga na gaba. Mai son tabbaci ya rubuta wa mai kula wasiƙa, ya sa kan sarkin amsa a ciki, ya jira. Sauran shirin ƙafa ce ke yin sa: inda ƙarfinta ya ƙare, nan ne masauki.

Abin da ya rushe wannan tsari shi ne sauyin matafiyin kansa. Daga shekarun 1960 matasan Turai da Amurka da Ostareliya sun samu kuɗi da 'yancin da iyayensu ba su samu ba, kuma birane suke so su gani. A 1972 aka fito da tikitin Interrail, wanda ya ba duk wanda bai wuce shekara 21 ba damar yawo a jirgin ƙasa cikin ƙasashe 21 na tsawon wata guda. Wasu kuma suka ɗauki jakar goyo suka bi ta ƙasa daga Landan zuwa Santambul, Tehran, Kabul, har Indiya da Nepal. Wanda ya sauka daga jirgi ƙarfe sha ɗayan dare a tsakiyar birni ba ya neman uban masaukin da zai ce masa an rufe ƙofa, ballantana ya ba shi tsintsiya da safe. Sai 'yan kasuwa suka buɗe nasu gidajen kusa da tashoshi: ba kati, ba iyakar shekaru, ba aikin safe, ƙofa a buɗe dare da rana.

A wancan zamani bakin mutane ne taswira. A unguwar Sultanahmet ta Santambul akwai wani gidan abinci da aka buɗe a 1957, wanda matafiya suka laƙaba wa suna Pudding Shop. Allon sanarwarsa ya zama gidan waya na masu tafiya gabas: wannan ya liƙa takarda yana neman abokan tafiya a mota, wancan ya rubuta sunan masauki mai araha a Kabul, wani ya gargaɗi na baya game da gidan da ke da kuɗin cizo. A 1973 Tony da Maureen Wheeler, ma'aurata da suka bi wannan hanya har Ostareliya, suka tattara abin da suka gani a ɗan littafi, wanda shi ne tushen kamfanin Lonely Planet. Daga nan littafin jagora ya zama alƙali: gidan da ya shiga shafinsa ya cika, wanda bai shiga ba ya kwana da ƙudaje. Juyin juya halin Iran da shigar sojojin Sobiyet Afganistan a 1979 sun toshe hanyar ƙasa, matafiya suka karkata kudu maso gabashin Asiya. Titin Khao San na Bankok, wanda a da kasuwar shinkafa ce, ya koma layin gidajen kwana tun daga shekarun 1980.

Tsofaffin ƙungiyoyi ma dole suka sassauta. Ingila ta daina korar masu mota, aikin safe ya ɓace, aka shigo da ɗakunan iyali. Jihar Bavaria ta Jamus ce ta daɗe tana riƙe da iyakar shekara 26, har farkon wannan ƙarni, sannan ita ma ta saki.

Intanet ce ta kawo sauyi na ƙarshe. An kafa Booking.com a Holan a 1996, Hostelworld a Dublin a 1999, daidai lokacin da kamfanonin jiragen sama masu araha irin su Ryanair da easyJet ke cika biranen Turai da baƙin kwana biyu. Allon gidan abincin Santambul ya koma cikin waya, sai dai yanzu dubban mutane ne ke liƙa takarda, kowa yana ba da maki kan tsafta da tsaro da hayaniya. Kuɗin gado ya daina tsayawa wuri guda, yana hawa da sauka kamar farashin tumatir, ranar Talata daban, daren Asabar daban, ranar babban wasan ƙwallo kuwa sai wanda ya gani. Annobar korona ta 2020 ta bugi waɗannan gidaje fiye da otal, tunda jarinsu shi ne haɗa baƙi a ɗaki ɗaya. A 2023 ƙungiyar Ingila ta sa gidajenta 20 a kasuwa.

To, yaya ɗakin yake yau? Gadaje huɗu ne masu hawa biyu, kowanne da 'yar fitila da wurin cajin waya, wasu har da labule. A ƙarƙashi akwai akwatin ajiya, amma kwaɗo naka ne, in ba ka zo da shi ba ka saya a wurin karɓar baƙi da tsada. Tawul ma sau da yawa haya ake ba da shi. Mai wayo yana roƙon gadon ƙasa tun wajen kama wuri, yana zuwa da silifan wanka da abin toshe kunne, domin a cikin mutum takwas ba a rasa mai minshari, ba a kuma rasa wanda jirginsa na asuba ne, ya tashi ƙarfe huɗu yana ta kwaramniya da leda. Mai sallah ya kan nemi lungu a falo ko ƙarshen baranda ya shimfiɗa darduma, don kada ya tashi na kusa da shi. A kicin kuwa firij cike yake da ledoji, kowace da sunan mai ita da ranar tafiyarsa, tukunya kuma ta kowa ce, wanda ke kiyaye abin da yake ci sai ya wanke ta kafin ya ɗora da bayan ya sauke.

Araha ba ta ado, in ji Hausawa, amma a nan tana da sharaɗi, wato shiri. Aikin da littafin ƙungiya da uban masauki ke yi wa matafiyi a da, yanzu ya dawo kansa. Shi zai duba taswira ya ga ko gadon da ya yi araha yana bayan gari, inda kuɗin mota zai cinye rangwamen. Shi zai karanta sharhin watannin baya-bayan nan, musamman na masu ƙorafi, ya gane ko gidan na masu barci ne ko na masu kwana rawa, domin wasu mashaya ce a ƙasansu. Mace za ta nemi ɗakin mata zalla, wanda yawancin gidajen birni ke da shi. A tambayi lokacin shiga da na fita, da inda za a ajiye jaka in an iso da sassafe, da ko kafin alƙalami yana dawowa in tafiya ta fasu. A kuma tuna harajin baƙi da birane ke ɗorawa, wanda a Amsterdam ya kai kashi 12.5 cikin ɗari na kuɗin kwana. Mai fasfon Najeriya ko Nijar ko Gana yana da ƙarin dalili: ba a ba da bizar Schengen sai da shaidar wurin kwana da inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000, don haka gadon da za a iya sokewa ba asara ya fi masa wanda ya fi araha.

A fadar Altena, ɗakunan farko suna nan an mayar da su gidan tarihi, da manyan gadajensu na katako, ana kuma ci gaba da saukar baƙi a wani sashe na harabar. Tsintsiyar safe ta zama labari. Amma a kicin ɗin yawancin masaukan birni akwai kanta guda da aka keɓe, inda mai tafiya ke barin abin da ya rage masa: rabin ledar taliya, gishiri, ɗan mai a kwalba, ganyen shayi. Ba ya sanin wanda zai ci. Wanda ya iso cikin dare, shaguna sun rufe, aljihu ba nauyi, nan yake samun abin da zai ɗora a wuta, kamar yadda yaran nan suka samu aji a buɗe a daren da manomi ya rufe musu ƙofa.