Tun Daga Laraba Ake Gane Juma'a

 Yau zancen mulki na zo miki da shi, kada kuma ki ture littafin ki ce wannan ai harkar maza ce. Ke ce kika tsaya a layi da goyo a bayanki rana tana dukanki har kika jefa ƙuri'a, ke ce kuma idan kwanon gero ya yi tsada ko hanyar kasuwa ta rufe za ki fara ji a tukunyarki. Saboda haka kina da haƙƙin ki san yadda ake auna sabon shugaba.

Kin san dai amarya idan ta tare, ba ta buƙatar shekara kafin ta fahimci mijinta. Ta kasa kunne ta ji su wa ke sallama a zaure, su wa yake tashi ya bar tuwonsa dominsu. To haka shugaban ƙasa yake. Mutum ɗaya ne, ido biyu gare shi, ba zai zo Katuru ya ga halin da muke ciki ba. Da idon waɗanda ya naɗa yake gani, da kunnensu yake ji, da hannunsu yake aiki. Shi ya sa naɗin farko ya fi jawabin farko nauyi.

A 1979 ne matan Arewa suka fara jefa ƙuri'a a zaɓen shugaban ƙasa, iyayenmu suna ciki. Alhaji Shehu Shagari ya ci, aka rantsar da shi ranar 1 ga Oktoba. Ɗan jiharmu ne a lokacin, domin Zamfara tana cikin jihar Sakkwato har 1996. Tsohon malamin makaranta ne, an shaide shi da sanyin hali, kuma shi ya fara ba mace cikakkiyar kujerar minista, wato Ebun Oyagbola. Amma ki tambayi tsofaffi me suke tunawa, za su ce miki zamanin shinkafa, da sunan Umaru Dikko ministan sufuri wanda aka ɗora a kan kwamitin shigo da ita, aka yi ta zarge-zarge. Da soja suka kifar da gwamnatin ranar 31 ga Disamba 1983, halin wasu muƙarrabansa suka kafa hujja da shi, sanyin halin Shagari bai cece shi ba. Wanda ya hau a ranar shi ne Janar Muhammadu Buhari.

Bayan shekara 31 sai ga Buharin ya dawo ta hanyar ƙuri'a. A zaɓen Maris 2015 ya kayar da Goodluck Jonathan, karo na farko da ɗan adawa ya kayar da shugaba mai ci a Nijeriya. Zamfara kaɗai ta ba shi ƙuri'a sama da 600,000. Abu uku ya yi alkawari: tsaro, yaƙi da cin hanci, da gyaran tattalin arziki. Ranar rantsuwa, 29 ga Mayu, ya ce shi na kowa ne kuma shi ba na kowa ba ne. Magana ta yi daɗi, aka yi ta maimaita ta a rediyo. Amma a watan Yuli, yana Amurka, sai ya ce yankin da ya ba shi kashi 97 cikin ɗari ba za a daidaita shi da wanda ya ba shi kashi 5 ba. Kin ga magana biyu ke nan daga baki ɗaya cikin wata biyu. Wadda za ta raba gardama ita ce jerin sunayen da zai fitar.

Sunayen kuwa suka yi nawa. A Yuli ya naɗa shugabannin soja, ciki har da Tukur Buratai da Sadique Abubakar, ya ba Babagana Monguno mai ba da shawara kan tsaro, ya ba Lawal Daura hukumar tsaro ta farin kaya. A Agusta ya ɗauki Abba Kyari shugaban ma'aikatan fadarsa, Babachir Lawal sakataren gwamnati, Hameed Ali shugaban kwastan. Mutanen Kudu, musamman ƙabilar Ibo, suka yi kuka cewa kujerun kusa da shi duk Arewa suka tafi. Ministoci kuwa ba a rantsar da su ba sai 11 ga Nuwamba, kusan wata shida ƙasa tana tafiya babu su, har aka laƙaba masa sunan mai tafiyar hawainiya. Masoyansa suka ce tankaɗe da rairaya yake yi. Da jerin ya fito, da yawa tsofaffin gwamnoni ne da fuskokin da aka daɗe da sani, kujerar man fetur kuma ya riƙe abinsa.

Cikin ministoci 36, mata shida ne kacal: Kemi Adeosun ta kuɗi, Amina Mohammed ta muhalli, Aisha Alhassan ta harkokin mata, sai ƙananan ministoci Zainab Ahmed, Khadija Bukar Abba Ibrahim da Aisha Abubakar. Amina Mohammed ce a 2017 ta zama mataimakiyar babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya, ki ga dai mace idan aka ba ta dama.

Abin mamaki, mace ce ta fi kowa fitowa fili ta auna naɗin nan, kuma matarsa ce. A Oktoba 2016 Aisha Buhari ta gaya wa sashen Hausa na BBC cewa a cikin mutum 50 da aka naɗa, 45 mijinta bai san su ba, ita ma ba ta san su ba duk da shekara 27 da ta yi tare da shi. Yana Jamus, a tsaye kusa da Angela Merkel, ya mayar da amsa cewa matarsa ta kicin ce da falo da ɗaya ɗakin. Wasu suka ce raha ce. Ni dai abin da na ɗauka shi ne, mai zaman ɗaki tana ganin masu shiga da fita fiye da yadda ake zato.

Yanzu bari in zo gida. A cikin ministocin nan akwai namu, Birgediya Janar Mansur Ɗan-Ali mai ritaya, ɗan Birnin Magaji, maƙwabtan Ƙaura da Zurmi. Kuma ba ƙaramar kujera aka ba shi ba, ministan tsaro. Ranar da aka sanar, gari ya ɗauka da murna, ana cewa ɓarayin shanu sun shiga uku tunda ɗan gida ne ke riƙe da soja. A Yuli 2016 shugaban da kansa ya zo Zamfara ya ƙaddamar da farmakin Harbin Kunama a dajin Ɗansadau.

To me ya biyo baya? Satar shanu ta rikiɗe ta zama satar mutane. A Fabrairu 2018 aka kashe mutane da dama a Birane ta ƙasar Zurmi. A shekarar nan gwamna Abdul'aziz Yari ya fito ya ce shi ya ajiye sunan babban jami'in tsaron jiha, tunda ba shi da iko da masu bindiga na gwamnati. Hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi ta zama sai da addu'a, mata suka koma kwana da kunne ɗaya. A Afrilu 2019 'yan Zamfara suka yi zanga-zanga a Abuja, gwamnati ta hana haƙar zinare, ministan kuma ya zargi wasu sarakuna da taimakon 'yan bindiga. A shekarar ya bar kujerar, wuta tana ci. A Fabrairu 2021 aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe, a Satumba aka katse layukan waya, aka rufe kasuwannin mako, har da ta Shinkafi da muke ci ranar Alhamis.

Ba zan ɗora wa mutum ɗaya wannan kaya ba, zalunci ne. Rikicin makiyaya da manoma ya daɗe, an cinye burtali, 'yan sa-kai sun yi nasu kisan, makamai sun kwararo bayan faɗuwar Gaddafi a 2011, gwamnatin jiha ma tana da nata kason. Amma darasin a fili yake: zama ɗan gari ba shi ne iya aiki ba, kuma kujera a Abuja ba ta tare harsashi a ƙauye. Akwai kuma awo na biyu da ya fi na farko. Kowa yana iya ɗaukar mutum ya ga bai dace ba, abin dubawa shi ne ko zai iya sauke shi. Shugabannin sojan da aka naɗa a Yuli 2015 suna nan har Janairu 2021, duk da kukan jama'a da na majalisa. Buhari ya rasu a Yuli 2025, Allah Ya jiƙansa. Har masu sukarsa da yawa sun shaide shi da rashin kwaɗayi, amma sun ce idan ya ba mutum amana ba ya waiwaye.

A 2023 ma an maimaita. Bola Tinubu ya cire tallafin mai ranar da aka rantsar da shi, kafin ya naɗa minista ko ɗaya, kowace uwargida ta ji a cefanenta. A Agusta ya ba tsohon gwamnanmu Bello Matawalle ƙaramin ministan tsaro, aka sake cewa namu ya samu.

Don haka 'yar'uwa, duk ranar da sabon shugaba ya fara fitar da sunaye, ki matso da rediyonki kusa da murhu. Kada ki tsaya a kan ɗan ina ne. Ki tambaya: da can wane aiki aka ba shi, ya kuma ƙare da shi? Zai iya kallon shugaba ya ce masa ranka ya daɗe, nan an kauce? Mata nawa ne a ciki, wace kujera aka ba su? Sannan ki ba shi shekara guda ki duba hanya, ki duba gona, ki duba makarantar ɗiyarki. Idan masu neman ƙuri'a suka dawo da atamfa da sabulu da taliya, ki riƙe wannan lissafi a ranki, domin atamfa wanki uku ne ta koɗe, shugaba kuwa shekara huɗu za ki yi da shi.

Allah Ya ba mu shugabanni nagari, Ya haɗa su da mashawarta masu gaskiya, Ya dawo mana da zaman lafiya a ƙasar Zamfara. Amin.