Haɗuwar Ilmin Shari'a da na Lafiyar Jama'a: Waiwaye a Kan Tarihi

A wasu jami'o'in Amurka akwai tsarin da ɗalibi kan ɗauki digiri biyu a haɗe, ɗaya na aikin lauya, ɗaya na kiwon lafiyar jama'a. Digirin lauya shi kaɗai yakan ci shekara 3 bayan digirin farko, amma idan aka gama su biyun akan kammala cikin kimanin shekara 4. Jami'ar Georgetown da ta Johns Hopkins suna gudanar da irin wannan karatu tare, Jami'ar Harvard ma tana da nata. Mai karatu yana iya tambaya, me ya haɗa kotu da asibiti? Amsar tana cikin tarihi, domin tun kafin jami'o'i su haɗa fannonin nan biyu, annoba ta riga ta haɗa su.

Likitan asibiti yana duba mutum ɗaya ne wanda ya kawo kansa. Shi kuwa jami'in lafiyar jama'a, majinyacinsa gari ne ɗungum, maganinsa kuma umarni ne: a rufe rijiya, a tsare jirgi, a yi wa yara lamba. Umarni kuwa ba ya zaunawa sai da doka a bayansa.

A Ingila, mutumin da ya fara dagewa a kan wannan lauya ne, watau Edwin Chadwick. A cikin 1842 ya fitar da rahoto a kan zaman ma'aikata talakawa, inda ya nuna cewa ƙazanta da cunkoso da rashin magudanar ruwa su ne ke rage musu kwana. Rahoton nan ya share fagen Dokar Lafiyar Jama'a ta 1848, wadda ta kafa hukumar lafiya ta ƙasa. Sai dai Chadwick ya ɗauka cewa ɗoyi ne ke kawo cuta, saboda haka ya goyi bayan a wanke ƙazantar Landan a tura ta cikin kogin Thames, alhali kuwa daga kogin nan mutane da yawa ke samun ruwan sha. Kwalarar 1848 zuwa 1849 ta kashe mutum kimanin 14,000 a birnin. Yana da ikon doka a hannu, amma sanin asalin cutar ya kuɓuce masa.

Likita John Snow kuwa akasin haka ya same shi. A cikin 1854 kwalara ta ɓarke a unguwar Soho ta Landan, ta hallaka fiye da mutum 500 cikin kwana 10. Snow ya bi gida gida yana ƙirga mamata, har ya gano cewa yawancinsu daga famfo ɗaya suke ɗiban ruwa, a titin Broad. Amma ba shi da ikon rufe shi. Sai da ya je gaban hukumar unguwar ya roƙe ta, sa'an nan aka cire hannun famfon. Da annoba ta lafa aka mayar da shi, domin mahukunta ba su gamsu da bayaninsa ba.

Tambayar da ta biyo baya ita ce, ina iyakar ikon hukuma a kan jikin mutum? A cikin 1902 agana ta bazu a garin Cambridge na jihar Massachusetts, hukumar lafiya ta ba da umarni kowa ya yi lamba. Wani fasto mai suna Henning Jacobson ya ƙi, aka ci shi tarar dala 5, ya ɗaukaka ƙara har Kotun Ƙoli ta Amurka. A 1905 alƙalai 7 daga cikin 9 suka yanke cewa jiha tana da ikon tilasta rigakafi don tsare jama'a, muddin matakin bai wuce kima ba, kuma ba na zalunci ba ne.

Wannan hukunci ya zama tushe, amma wuƙa ce mai baki biyu. A 1927, a shari'ar wata mata mai suna Carrie Buck, kotun ta kafa hujja da shi ta halatta wa jihar Virginia yi wa waɗanda aka ce masu raunin hankali ne aikin hana haihuwa bisa tilas. Ilmin gadon halitta da aka dogara da shi a lokacin gurɓatacce ne, kuma bincike daga baya ya nuna cewa hankalin matar lafiya lau yake. Fiye da mutum 60,000 aka yi wa wannan aiki a Amurka. Alƙalan sun karɓi maganar masana ba tare da sun iya auna ta ba.

Daga irin waɗannan darussa aka fahimci cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Jami'ar Johns Hopkins ta kafa makarantar lafiyar jama'a a 1916, sannu a hankali kuma shari'a ta shiga manhajar irin waɗannan makarantu, har aka kai ga digiri biyu a haɗe. Ɗalibin yakan koyi ƙididdigar cututtuka da hanyoyin yaɗuwarsu a gefe ɗaya, a ɗaya gefen kuma tsarin mulki da dokokin gudanar da hukuma. Amfanin haɗin ya fito fili a rigimar taba sigari: alƙaluman likitoci ne suka nuna illarta, amma ƙarar da jihohi suka shigar ce ta sa manyan kamfanonin taba suka yarda a 1998 su biya jihohi 46 kimanin dala biliyan 206 cikin shekara 25.

Nijeriya ma ba ta fita daga wannan tarihi ba. Duba-gari da ke shiga gida ya leƙa randa, doka ce ta buɗe masa ƙofa. A ƙarshen Maris na 2020, da Shugaba Muhammadu Buhari ya hana zirga-zirga a Legas da Ogun da Abuja saboda cutar korona, dokar killace masu cuta ta 1926 ya dogara da ita, wadda Turawan mulkin mallaka suka kafa shekara 94 kafin nan.

Ashe ke nan ma'aikacin da zai tsara irin wannan doka, ko ya zartar da ita, yana bukatar ya san yadda cuta ke yaɗuwa, ya kuma san inda ikonsa ya tsaya. Idan ya jahilci na farko, sai ya rufe rijiyar da ba ta da laifi. Idan kuma ya jahilci na biyu, sai ya take haƙƙin mutanen da aka ɗora masa tsaron lafiyarsu.